Na Auna Mijin, Na Bar Matar

Matso kusa, ɗan'uwa, jawo kujerar nan ka zauna. Ku sababbin shiga aikin nan kullum kuna yi mini dariya, wai Baba Isuhu sai ya tsare kwastoma da tambaya kamar alƙali kafin ya taɓa sifana. To yau za ka ji dalili. Akwai wata Alhamis da ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ita dai ba za ta fita raina ba.

Shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, lokacin da titin nan da kuke kira Gate City ake ce masa High Point Road. Ina da shekara uku da zuwa Greensboro daga Damagaram, ina aiki a wani gareji da ke sayar da motoci masu ɗaki, yana kuma gyara su. In ba ka taɓa shiga ɗaya ba, mota ce kamar bas ƙarama, amma a ciki akwai gado da murhu da firji, har da ɗan banɗaki. Mutum ya kulle gidansa mai kyau, ya tafi daji ya kwana cikin mota, wai hutawa yake. Ni abin bai taɓa shiga kaina ba. Daga aiki sai gida, daga gida sai masallaci. In ka ga na wuce titin Wendover, to suna ake yi ko rasuwa.

Ma'aikatan garejin hawa uku ne. A ƙasa akwai masu wanki, mu ke nan, masu riga ruwan toka wadda ba a rubuta sunan kowa a kanta ba. Sai masu ɗaura kaya: rumfa, tsani, kariya wato maɗorin kaya, ƙarfen jan tirela, su suna da shuɗiyar riga da suna a ƙirji, da akwatin kayan aiki nasu na kansu. Sai makanikai. A kan kowa akwai sufabaiza, Mista Rendi, mutum mai ƙarancin magana da yawan shan kofi. Ni lakwal, wato boko, aji uku na yi aka cire ni, Turancina duk na kunne ne, amma hannuna ya san ƙarfe tun a gida. Shekara biyu ina wanki ina leƙen masu shuɗiyar riga, ina kama musu nan, ina riƙe musu can. Ba abin da nake so a duniya kamar rigar nan.

Ran Litinin da hantsi ina bayan gareji da tiyo a hannu, Mista Rendi ya leƙo ya ce, "Isuhu, ajiye ruwan nan. Ga wasu tsofaffi can suna son kariyar tandam a motarsu, Asabar za su tafi duwatsu. Aikinka ne daga farko har ƙarshe. In sun tafi suna murna, shuɗiyar riga taka ce. In sun dawo suna faɗa, ka san inda bokitinka yake."

Ni tanda na ji. Na ce a raina, ashe Turawa ma suna toya waina a daji. Na biya ta wajen Alhaji Sani, wani Bakano da ke mana walda, na tambaye shi wace irin tanda ce har take buƙatar kariya. Ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ni ya ce, "Kai Badamagare, ciki dai, ciki dai! Keke ne. Je ka gani, kada ka kunyata mu."

Keke ne kuwa, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Ja ne, taya biyu, sirdi biyu, feda huɗu, dogo kamar raƙumi ya miƙe wuya. Na gaba shi ke riƙe da kan keken da birki. Na baya nasa taka feda kawai. Masu shi suna tsaye gefen motar. Mijin, Mista Walta, dogo ne mai faɗin kafaɗa, gashi fari fat, da baƙin tabarau. Matar, Misis Elen, 'yar guntuwa, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Hannunsa na kan kafaɗarta. Na ce Turawa da soyayya, har tsufa ba a hutawa. Suka ce a unguwar Sedgefield suke, da a bayan akori-kura suke kwantar da keken, yanzu sun sayar da ita sun sayi wannan.

To nan sai ka saurara, don ku da kuka tashi a nan ba lallai ku gane ba. Tarbiyyar da aka yi mini, in ka tarar da mutum da matarsa, mijin kake gaisarwa. Ka ce masa "ina iyali?" ko da iyalin na tsaye a gabanka. Ba a zuba wa matar mutum ido, ba a ja ta da zance. Wannan shi ne girmamawa. Saboda haka na juya gaba ɗaya na fuskanci Mista Walta. Sau biyu matar ta fara, "Da ma ni ce nake..." sai in sunkuyar da kai in ce "Yes, ma," in koma kan mijin. A na biyun ta ɗaga kafaɗa ta shige cikin motar, ta ce bari ta auna labule.

Ƙa'idar aiki ita ce a auna, a cika takarda, kwastoma ya sa hannu, sufabaiza ya sa hannu, sannan a taɓa mota. Na ja tef. Keken ƙafa takwas ne, faɗin motar bai kai bakwai ba. In aka gicciye shi a baya zai leƙo ta gefe, wata motar ta kwashe shi. Na ce to sama za a kai shi. Na tambayi tsohon ko zai iya ɗagawa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, shekara talatin ina aikin katako." Ya kama keken da hannu ɗaya ya ɗaga. Na ce ya miƙa hannu sama, na auna inda ya kai. Sannan na nuna rufin motar da yatsa, na ce, "Top?"

Ya ce, "Top! Ba na son kayan banza."

Na miƙa masa takarda da biro ya sa hannu. Rubutun ya zame ya bar layi, na ce hannun tsufa ne.

Talata da Laraba ban ko tsaya cin abinci da kyau ba. Na ɗaura sanduna biyu a rufi, na shimfiɗa doguwar kwatar alminiyam wadda taya za ta zauna ciki, na huda ƙofar baya wuri huɗu na kafa tsani. Na hau na sauka ya fi sau ashirin, ina gwada kowane noti. Alhaji Sani ma, da bakinsa ba ya yabon Badamagare, ya zagaya motar ya ce, "Ba laifi. Kamar Bakano ya yi."

Ran Alhamis da safe ina kan rufin ina ƙara ɗaure noti na ƙarshe, na ba harabar gareji baya, sai na ji takun mutum biyu. Kunnena ne ya fara gani kafin idona. Muryar mace ce can ƙasa-ƙasa, ba hira take ba, ba faɗa take ba, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai jan tasbaha: "Tiyo a ƙasa. Hagu kaɗan. Rami. Mataki biyu. Tsaya." Duk kalmar da ta faɗa, sai in ji babban takalmin ya bi ta.

Sifanar ta kusa suɓuce mini. Na taɓa jin wannan, ba da Turanci ba. Haka innata take yi wa kakana in za ta kai shi bakin masallaci. Na juya a hankali. Ga Misis Elen da makullin ƙaramar motarsu a yatsa, ga hannun mijin a kafaɗarta. Ba soyayya kaɗai ba ce. Mutumin ba ya gani.

Ya saki kafaɗarta ya dafa bayan motar, yana shafawa da tafin hannu, yana murmushi. "To ina kariyar tawa?" Ya sunkuya ya lalubi ƙasa, ba komai. Ya miƙe, hannunsa ya faɗa kan ƙarfe. Ya bi shi, hawa ɗaya, hawa biyu, hawa uku. Ya ce, "Elen, tsani ne wannan? Me tsani yake yi a motarmu?"

Ita kuwa ta ɗaga kai ta gan ni tsugune a sama kamar zakara a kan danga, ta ga kwatar, ta ga sandunan. Ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Walta, a kan rufi ya sa."

"A kan rufi? Wa zai kai shi can?"

"Ina jin kai. Ko ni."

Wallahi da rufin nan ya buɗe na faɗa cikin gadon motar na ja bargo, da na gode wa Allah. Na sauko ta tsanin nawa, tsanin da ni kaɗai na taɓa hawa. Kafin ƙafata ta taɓa ƙasa Mista Rendi ya iso da kofinsa, Alhaji Sani na biye da shi yana goge hannu, don Bakano ba ya barin kallo ya wuce shi.

Mista Rendi ya dubi sama, ya dubi tsohon, ya dubi takardar. Ya ce, "Yaya aka yi haka?"

Sai Mista Walta ya ɗaga hannu. "Laifina ne. Ya ce mini top, na ce top. Ni na ɗauka yana nufin mai kyan duka, ashe sama yake nufi. Kuma na sa hannu. Ku bar yaron."

Ka ga, kalmar nan fuska biyu gare ta, ni guda na sani. Na nuna da yatsa, shi kuwa yatsa ba ya yi masa magana. Ga ƙofa tsohon ya buɗe mini a fili. Alhaji Sani ya taka mini ƙafa ya ce da Hausa, "Yi shiru, sakarai, takarda ta wanke ka." Mista Rendi ma har ya fara gyaɗa kai.

Amma na kasa. Na ce, "A'a, shef. Ba kalmar ba ce. Madam ta so ta yi magana sau biyu, ni na hana ta. Ban tambaye ta komai ba."

Mista Rendi ya ce, "Don me?"

Na yi ta laluben Turanci. Na ce, "A garinmu, ba a kallon matar mutum. Ba a yi mata magana da yawa in mijin yana wurin. Girmamawa ce."

Sai Misis Elen ta dafa ƙirji ta ce, "Walta, ka ji? Shekarata saba'in da ɗaya, ga wani yana tsoron kada ya sace ni." Tsohon ya fashe da dariya har tabarau ya zame masa. Ya ce, "Ɗana, in ka ɗauke ta ka haɗa da ni, don ita ke tuƙa motar, ita ke tuƙa keken. Shekara goma sha biyu ina zaune a bayanta ina taka feda, ba ta taɓa kayar da ni ba." Ta ce, "Sau ɗaya." Ya ce, "Wannan kare ne ya ja."

Mista Rendi shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Kwana biyu ka ɓata, da rami huɗu a ƙofar mutane. Gobe Juma'a ƙarfe biyar muke rufewa. In matar nan ba ta iya ɗora keken nan da kanta ba kafin lokacin, magana ta ƙare." Ya juya ya tafi.

Sai aka koma awo, wannan karon na mai ɗauka. To ni dai ban iya kai tef jikin matar mutum ba, kunyar ba ta fita rana ɗaya. Mista Walta ya gane da jin yadda nake jan ƙafa. Ya ce, "Ba ni." Ya kama bakin tef ɗin, ya ajiye a ƙasa, ya lalubi gwiwarta, ya ja har can, ya ce, "Karanta." Makaho na awo, mai ido na karatu kansa a sunkuye, Bakano na gefe yana riƙe ciki. Muka sa ta ɗaga gaban keken mu ga iyakarta. Gwiwa da ɗan kai, daga nan hannu ya fara rawa. Na ɗaga kai na dube ta sosai, karon farko, na ce, "Madam, da yaya kike sa shi a akori-kura?"

Ta ce, "Yawwa, tun Litinin nake son in faɗa maka. Ba na ɗagawa. Cire tayar gaba nake yi, akwai ɗan maɓalli a jiki, sannan in gangara da shi a kan katako."

Cire tayar gaba. Na ja tef a kan keken babu tayar, sai ga shi bai wuce madubin motar ba, hagu da dama. Amsar tana bakinta tun ranar farko, ni ina can ina girmama ta.

Na sauko da kwatar daga rufi. Na je wajen Alhaji Sani na ce, "Yallaɓai, sarkin maƙeran Kano, a taimaki bawan Allah." Ya ce, "Sake faɗa, ban ji ba." Na sake. Ya ce, "To yanzu ka yi hankali." Ya yi mini waldar ƙarfe mai siffar gicciye wanda zai shiga ramin jan tirela a ƙarƙashin motar, muka ɗaura kwatar a kansa a kwance, daidai gwiwar Misis Elen. A gefe ɗaya na sa maƙalin da zai kama ƙahon gaba, inda tayar ta fita. A ɗaya gefen na yi ɗan gangare mai naɗewa. Doka ba ta yarda kaya su rufe fitilun baya ko lambar mota ba, sai da na matsa da lambar na ƙara ƙananan fitilu biyu a jikin kwatar. Tsanin na cire shi, na toshe ramukan da noti mai roba don kada ruwa ya shiga. Ran Juma'a na tafi masallaci na dawo a guje, ko gaisawar bayan salla ban tsaya ba, ni da nake zama na ƙarshen fita.

Ƙarfe huɗu suka iso. Mista Rendi ya ce kowa ya ja baya, ni ma kada in sa hannu. Misis Elen ta naɗe hannun riga. Ta buɗe maɓallin, ta zare tayar ta miƙa wa mijin. Ta sauke gangaren, ta ɗora tayar baya, ta kama kan keken tana turawa. Ya hau, ya hau, sai ya tsaya a tsakiya. Feda ta kama gefen kwatar. Na buɗe baki, Mista Rendi ya harare ni.

Sai tsohon ya ce, "Na ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Feda ce, juya ta sama." Ta juya da ƙafa, keken ya zarce sumul, ƙahon ya faɗa cikin maƙalinsa, ƙas. Ta tafa hannu ta ce, "Naka ya rage, Walta." Ya bi keken da yatsu daga gaba har baya, ya zarga igiyoyi uku ya ɗaure, ɗaurin da ko ni mai ido ban iya ba. Ya girgiza shi da ƙarfinsa duka, motar ta motsa, keken bai motsa ba. Yatsansa ya bi ta kan ƙofa ya tarar da notina huɗu. Ya ce, "Waɗannan fa?" Na ce, "Kabarin tsani ne." Ya ce a bar masa su, zai riƙa ba jikoki labari.

Suka sa hannu, wannan karon su biyu. Misis Elen ta hau kujerar direba, ta sa matashi a ƙarƙashinta, ta leƙo ta taga ta ce, "Isuhu, yanzu an yarda in yi maka sai an jima?" Na ce, "An yarda, Mama." Suka fita High Point Road, jan keken na gicciye a baya.

Mista Rendi ya juya ya shige ofis. Na ce shi ke nan, na nufi bayan gareji wajen bokitina. Ina cikin naɗe tiyo sai wani abu ya faɗo mini a kafaɗa. Shuɗiyar riga ce, cikin leda. Ya ce, "Aikin rufin banza ne. Amma tsohon ya ba ka hanyar gudu ba ka bi ba, wannan ba na iya koya wa mutum. Sunan sai mako mai zuwa, mai ɗinkin ta ce ba ta san yadda ake rubuta shi ba." Alhaji Sani daga can ya ɗaga murya, "A rubuta Mai Tanda!"

Abin da na koya, takardar aiki tana faɗa maka abin da za a ɗauka da motar da za ta ɗauka, amma ba ta da layin da ke cewa wa zai ɗaga. Sau da yawa mai yin bayani daban, mai ɗagawa daban, kuma mai ɗagawar ba ya yawan magana. Kunya ba laifi ba ce, har gobe ina da tawa. Amma kunyar da ta hana ka jin mutum, kanka ka girmama, ba shi ba.

Na isa gida la'asar sakaliya da rigata a jiki, na ba Hadiza, uwar 'ya'yana, labari tun daga tanda har noti huɗu. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta share hawaye sai ta ce, "Malam, zo ka ga wani abu." Ta ja ni kicin, ta nuna kantar da na kafa mata tun shekarar da ta iso, wadda nake nuna wa baƙi ina cewa aikin hannuna ne. A ƙarƙashinta akwai bokitin fenti a kife, samansa ya lotsa da sawun ƙafa.

Ta ce, "Ita wannan, wa ka auna?"

Ban cire rigar ba sai da na sauko da kantar taƙi biyu.

To kai da kake ta dariya, in ka koma gida yau, zagaya ka duba da kyau. Ƙusar da ka kafa, igiyar shanyar da ka ɗaura, madubin da ka rataya, wa ka auna?